Ɗingishin da Ya Sauya Mota

Ranar da aka kaɗe Baba babu wanda ya ga komai, amma duk layinmu ya ji.

Da azahar ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya shige inda ya samu. Baba mai gyaran agogo ne, shekara talatin da ɗoriya teburinsa na gilashi yana bakin layin. Iska ta fizge masa laima, ya fito zai kamo ta, mota ta kwashe shi da gefen gaba ta watsar a bakin kwata. Ba ta tsaya ba. Ni ina shagon ɗinkina, gida huɗu tsakani, keke na ƙara a kunnena, sai ga Mai Aski ya faɗo mini sharkaf yana cewa in fito.

Ƙugu ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage. Yayana, wanda shi ne babban makaniken layin, ya iso asibiti a guje. Maigidana bai zo ba sai bayan awa guda, ya ce abin share gilashinsa ne ya mutu, ya fake ƙarƙashin gada shi kaɗai har ruwan ya tsagaita. Kafin rana ta faɗi Yaya ya karɓi makullin motar maigidana a hannuna, ya je gida ya kwaso katifa da bargo, don tasa ya ce ruwa ya shige ta, ya bar ta a gareji. Da Baba ya farfaɗo Sajan na 'yan sanda ya tambaye shi, ya ce ruwa ya rufe masa ido, bai ga komai ba. Daga nan ya juya fuskarsa bango.

Masu shaguna kuwa bakinsu ɗaya. Motar ɗingishi take, in ji su. Ta buga uku ta haɗiye ɗaya, ta buga uku ta haɗiye ɗaya, har ta sha kwana.

Maigidana tuƙi yake koyarwa, shi ya sa duk layin Malam ake ce masa. Shi da Yaya rana ɗaya suka sayi motocinsu, na hannu, iri ɗaya, a wurin dillali ɗaya; ta Malam fara, ta Yaya ruwan toka. Ta Malam duk jikinta lotsa ne, aikin ɗalibai, amma injinta lafiya lau, ko kofin ruwa ka ɗora a kai ba zai zube ba.

Washegari da safe ya murɗa makulli a ƙofar gida zai kai ni asibiti. Motar ta tashi tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ta buga uku, ta haɗiye ɗaya.

Na ga Mai Aski ya fito da almakashi a hannu. Na ga wanda yake yi wa aski ya biyo shi da rabin kai. Kafin Malam ya kashe ta an kewaye mu. Nan take wani ya tuno cewa makon da ya wuce wata ɗalibarsa ta yi baya ta ture teburin Baba, Baba ya wanke shi tas a gaban jama'a, shi kuma cikin fushi ya ce wata rana sai an kwashe teburin nan da mai shi. Ya faɗa, ban musa ba, ina tsaye ya faɗa. Bakin Malam ya fi birkinsa sauri, na sha gaya masa.

Yaya ne ya shiga tsakani ya hana a taɓa shi. Ya ɗaga hannu ya ce a bi a hankali, ko da shi ne ai ba da gangan ba ne. A lokacin har godiya na yi masa a zuciyata.

Sajan ya tafi da Malam da motar. Ya ce mini zuwa Alhamis zai tura maganar kotu. Da na je ganinsa, Malam ya riƙe ƙarfen taga ya dube ni.

"Ke ma kin yarda ni ne?"

Na ce ban sani ba. Wannan amsar har yau ina jin kunyarta.

Mai Sawu tsoho ne siriri, mai kunnuwa fato-fato. Yana saurayi sawun dabbobin sata yake bi, daga baya ya yi shekaru yana jan babbar mota yana gyara abarsa da kansa. Yanzu in abu ya ɓace a unguwa shi ake kira. Na same shi yana yanke farce a ƙofar gidansa, na zayyana masa komai ina kuka. Bai ce mini sannu ba. Tambayar da ya fara yi mini ita ce ko na shirya jin abin da zai samo, ko da mijin nawa ne. Na ce na shirya. Ƙarya na yi, amma ban san girman ƙaryar ba tukuna.

Na ce masa ai ruwa ya wanke sawun.

"Ruwa ya wanke ƙasa, 'yata. Bai wanke kunnen mutane ba."

Ya ɗauki doguwar sukundireba da farin hankici, muka kama hanya.

A shagon Mai Aski muka fara. Mai Sawu ya sa shi ya buga masa ƙarar motar da mataji a kan tebur. Mai Aski, da yake Allah ya yi shi da son a saurare shi, ya buga har da lumshe ido. Mai Sawu ya tambaye shi ko da direban ya taka totur zai gudu ɗingishin ya ɓace. Ya ce ina, ƙaruwa ma ya yi, har da tusa a salansa. Sai ya tambaye shi abin da hancinsa ya ji da ya fito. Mai Aski ya ce ƙauri, irin na baƙin mai idan ya zuba a kan ƙarfe mai zafi, ya maƙale a ƙarƙashin rumfa. Ya ce Sajan bai tambaye shi hanci ba shi ya sa bai faɗa ba.

Muna fitowa Mai Aski ya ja mu gefe ya raɗa mana cewa motar Mai Burodi ma tana rawa, kuma ranar an ga ta shigo layin. Zuciyata ta yi tsalle. Allah ya yafe mini, na so ƙwarai a ce shi ne.

Mai Burodi mutum ne mai ƙiba da saurin gumi. Da ya gan mu ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi. Aka tashi motar, sai ga ta tana kaɗawa, har farantan burodi na karo da juna a baya. Na ce a raina shi ke nan, an kama ɓarawo. Mai Sawu ya ce ya taka totur. Yana takawa ta daidaita sumul, ya saki ta koma rawa. Tsohon ya sunkuya ya bi wani siririn tiyo da yatsa har ya kai inda ya tsage, ya toshe wurin da babban yatsansa, nan take rawar ta tsaya.

Ya yi mini bayani a hanya. Mota mai shan iska ta ɓarauniyar hanya a tsaye kawai take rawa, wato a silo, in ji makanikai. Da ta samu wuta sai ta manta. Wadda ta kaɗe Baba kuwa ƙafa ɗaya ce ta mutu mata cikin huɗu, a tsaye ko a guje sai ta ɗingisa. Mai Burodi ya biyo mu da burodi biyu yana share gumi. Ni ko kallonsa ban iya yi ba don haushi, bawan Allah bai yi mini komai ba sai rashin laifi.

Muka wuce ofishin 'yan sanda. Sajan ya san Mai Sawu, ya ba mu makullin motar Malam ba gardama, ya tsaya yana kallo. Aka tashe ta, ɗingishin ya cika harabar. Ko ni da ban ji ta ranar ba na san abin da Mai Aski ya buga ke nan.

Mai Sawu ya dafa sukundireba a kan injin, ya manna kunne a ƙotar. Sannan ya naɗe hannu da tsumma ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta farko, injin ya nemi mutuwa, ya mayar. Ta biyu haka. Da ya zare ta uku ko gezau, kamar bai taɓa komai ba. Ya ce ga gurguwar ƙafar nan.

Ya kashe motar ya kwance fulogan huɗu ya jera su a kan hankici. Uku busassu ne, bakinsu ruwan ƙasa, kowanne da koren zobe a wuya. Na ukun baƙi ƙirin, jiƙe da baƙin mai, zobensa shuɗi. Ya leƙa ramin da ya fito da tocila, ya zura tsinke ya fito da shi a bushe. Sai ya ɗaura baƙin a rami na ɗaya, ya sa mai kyau a na uku, ya sake tashin motar. Ɗingishin ya koma na ɗaya. Ya kara hankici a bakin salansa ya daɗe, ya ɗago shi, babu ɗigon mai ko ɗaya, babu ƙauri.

"Ciwon yana bin fulogin, ba ya bin motar," ya ce da Sajan. "Wannan ba a gidan nan ya tsufa ba. Baƙo ne, kawo shi aka yi."

Ya wanke shi da fetur, ya kankare shi da burushin waya har ya yi fari, ya mayar. Motar ta koma kamar yadda na san ta. Ya roƙi Sajan ya yi ta yawo da ita har Alhamis, a ga ko zai sake yin baƙi.

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce daga lokacin da Malam ya iso asibiti zuwa safiya, wa ya riƙe makullin nan? Na ce ni. Ya ce ba wani? Na ce babu wani. Wallahi ba ɓoyewa na yi ba. Yaya ne ya goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sayo mini keken ɗinkina na farko. In an ce wani, ai bare ake nufi. Mai Sawu ya dube ni, ya naɗe hankicinsa.

Mai sayar da kayan gyara Rediyo ake ce masa, kuma bai ci sunan a banza ba. Mai Sawu ya tambaye shi ko an sayi fulogi a makon nan. Ya ce ko ɗaya, kasuwa ta mutu, hatta mai zuwa duk mako ya ɗauki guda ɗaya tak ya huta da shi. Ya buɗe baki zai faɗi ko wane ne, tsohon ya katse shi da tambayar kuɗin man birki, ya ja ni muka fita. Na yi ta masifa a hanya cewa ya bari a faɗa mana mana. Ya ce abin da Rediyo ya faɗa da safe, kafin azahar mai shi ya ji.

Da yamma na tarar da Yaya a asibiti yana ba Baba ruwa da cokali, yana goge masa gemu. Ya tambaye ni abin da tsohon ya gano. Na ce wai fulogi. Cokalin ya ƙwanƙwasa bakin kofin sau biyu. Na ɗauka gajiya ce, har na ce ya je ya huta.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Sawu ya sa Sajan ya tara duk mai mota a layin, wai don masu shaida su saurara su kwatanta. Aka jera su gaban shagon Mai Aski: ta Malam, ta Mai Burodi, ta Rediyo, sai ta Yaya a ƙarshe. An kawo Malam, ya rame cikin kwana uku, ya ƙi haɗa ido da ni. Layin ya cika, har masu leƙe ta taga.

Aka tashe su gaba ɗaya. Babu mai ɗingishi ko ɗaya. Sajan ya shaida cewa kwana biyu yana yawo da ta Malam, ko tari ba ta yi ba. Jama'a suka fara gunaguni, wani ya ce to ai gyara ta aka yi. Mai Sawu ya ce a bar su duka a silo, kada wanda ya taɓa totur. Ya jawo benci ya zauna.

Sai ya kama ba mu labarin wata gurguwar saniya da ya taɓa bi yana saurayi. Ya faɗi launinta, ya faɗi sunan uwarta, ya faɗi abin da mai ita ya ce da abin da surukin mai ita ya ce. Rana ta take, hayaƙi ya ishe mu. Mai Burodi ya jiƙe da gumi. Na ji kamar in shaƙe tsohon nan, mijina na tsaye da ankwa shi kuwa yana zancen saniya. Ya ce ɓarayin sun yi dabara, suka ɗaure wa wata lafiyayya tsinke a kofato don ta ɗingisa, suka kora ta gabas, tasu kuwa suka naɗe mata ƙafa suka yi yamma. Amma naɗi ba ya warkar da gurgu, in ji shi, tafiya ce kawai ba ta yi nisa ba.

Kusan rabin awa ana haka, Yaya ya ce shi fa yana da aiki a gareji, kuma mai ake ƙonawa a banza. Ya zura hannu ta taga zai kashe. Mai Sawu ya ce ya bari. Can kuma Yaya ya ce to bari ya ɗan taka ta ta washe maƙogwaro. Ban san lokacin da tsohon ya tashi ba, sai ganin hannunsa na yi a kan ƙofar motar.

"Kai makanike ne, ɗana. Ka san abin da tsayuwa ke yi wa injin da ke shan baƙin mai. Bar ta."

A nan na dubi fuskar Yaya, na ga gumin da ba na rana ba ne. Makullin ya faɗo mini a rai, da katifa, da bargo, da awa guda da ya yi kafin ya dawo daga gidan da bai fi tafiyar minti goma ba.

Motar ruwan toka ta yi wani ɗan shaƙuwa. Ta ci gaba. Ta sake yi. Shuɗin hayaƙi ya fara fita ta salansa siriri. Mai Sawu ya ɗaga hannu aka kashe sauran ukun, layin ya yi tsit, ta rage ita kaɗai. Ta buga uku, ta haɗiye ɗaya. Ta buga uku, ta haɗiye ɗaya.

Mai Aski ya shinshina iska, ya ce a hankali, "Ita ce."

Da aka kwance fulogi na uku ya fito baƙi, yana naso. Mai Sawu ya goge wuyansa da hankici ya miƙa wa Sajan. Koren zobe ne, ɗan'uwan ukun da ke motar mijina.

Babu wanda ya yi ihu. An yi cirko-cirko, kowa na kallon Yaya, mutumin da rabin motocin layin shi ke riƙe da lafiyarsu. Ya zauna daɓas a bakin kwatar da aka tsinci Baba. Ya ce bai gan shi ba, gilashi ya yi hazo, ya ji ya bugi wani abu tsoro ya kama shi ya gudu. Yana isa gareji aka kira shi aka ce mahaifinsa ne. Ya san duk layin sun ji ƙarar, ya san in ya je wurin Rediyo sayen sabo an gama da shi. Ya ce ya yi tunanin in Malam ne za a ce tsautsayi, a yafe. Shi kuwa da wane ido zai rayu a ce ya take ubansa ya gudu?

Na ce, "Yaya, hannu na sa na ba ka makullin."

Bai ɗago ba. Sajan ya kwance ankwa daga hannun Malam ya mayar hannun Yaya. Malam ya wuce ta gabana yana murza wuyan hannu, na kira shi, ya ce in bari tukuna.

Ni na kai wa Baba labarin, don ban yarda ya ji a bakin Rediyo ba. Na same shi an jingina shi da matashi, agogon wata ma'aikaciyar jinya a kunnensa, yana gaya mata cewa yana jinkirin minti biyu a yini. Baba ke nan. Tun muna yara, kafin mota ta shigo layi yake faɗin ta wane ce, bai taɓa kuskure ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon agogon nan a kunnensa, sai na gane.

Na jira ta fita, na ja kujera.

"Baba, an tafi da Yaya."

Bai firgita ba. Bai tambaye ni me ya yi ba. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa.

"Ka sani," na ce. "Tun kana kwance a bakin kwata ka sani."

"Wata uku ina ce masa ya sauke injin nan ya sa sabon ringi ya daina shan baƙin mai, yana ce mini gobe."

"Kwana uku mijina na kulle, Baba. Yau aka so a kai shi kotu."

Ya ce da bai bari ta kai ga ɗauri ba, da ya ce ya yafe. Na ce yafe masa abin da bai yi ba? Sai ya ce, "Auta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce ni ma ai hannunsa ce. Ya juya fuskarsa bango, kamar yadda ya yi wa Sajan.

Na gyara masa bargon, wanda Yaya ya kwaso a motar mijina, na zuba masa ruwa a kofi na ajiye inda hannunsa zai kai. Da na fito, farar motar tana bakin asibiti, injinta na aiki shiru. Malam yana ciki, idonsa a kan titi. Bai dube ni ba. Na tsaya a gefen ƙofa ban san ko in taɓa ta ba. Can ya miƙo hannu ya buɗe mini kullen ƙofar daga ciki.